Bayan An Cire Mahaifa, Wa Ke Zaunar da Mace Ya Yi Mata Bayani?

Shekaru kaɗan da suka wuce na yi jinyar wata 'yar baffana a wani babban asibitin gwamnati, bayan ta kwana biyu tana naƙuda a gida aka kawo ta cikin a-kori-kura jini ya kusa ƙare mata. Mahaifarta ta fashe, ɗan ya riga ya koma tun yana ciki, kuma likitocin da suka karɓe ta cikin dare ba su da wata dabara illa su cire mahaifar domin su tsayar da jinin. An ƙara mata jini leda huɗu, Allah ya yi da sauran kwananta, kuma har gobe ina yi wa waɗannan likitoci addu'a. Ranar sallama wata ma'aikaciyar jinya ta tsaya a gefen gado ta ce mata: "Baiwar Allah, kin ga an cire miki mahaifa, sai ki kula da shan magani, ki dawo bayan sati biyu a duba ɗinki." Ta gyaɗa kai, ta yi godiya, muka naɗe tabarmarmu muka tafi gida. Abin da ni da ma'aikaciyar ba mu lura da shi ba shi ne, a bakin matan garinmu kalmar mahaifa tana ɗaukar ma'ana biyu, domin da ita ake kiran mabiyiya, wadda ke biyo jariri bayan haihuwa a wanke ta a binne a bayan ɗaki. Abin da ta fahimta ke nan: mabiyiya ta maƙale, an yi aiki an fitar da ita.

Ta yi arba'in, wata uku ya wuce, na huɗu ya shiga, ba ta ga al'ada ba, kuma tun da ba shayarwa take yi ba sai ta fara murna a ɓoye, tana zaton Allah ya mayar mata da abin da ta rasa. A layin awon ciki ta ji gaskiyar magana, a gaban mata kusan hamsin, daga bakin wanda ya ɗora mata na'urar hoto a ciki ya tambaye ta cikin mamaki ko ba a gaya mata ba. Mijinta ya sani tun daren da ya sa hannu a takarda, amma ya ɗauka ta sani, kuma tausayi ya hana shi tayar da zancen. Ya kuma ƙaurace wa shimfiɗarta tsawon watanni saboda tsoron kada ya fasa mata wani abu a ciki, ita kuwa ta fassara wannan ƙauracewa da cewa ƙyamarta yake yi. Ni ma da na kwana goma sha ɗaya a ƙasan gadonta ina da nawa kason na laifi, domin na ji abin da aka faɗa, na fahimce shi daidai, ban taɓa tambayarta abin da ita ta fahimta ba.

Tun daga lokacin nake riƙe da ra'ayin da nake so in kare a nan, wato cewa aikin cire mahaifa bai kammala ba ranar da aka warware ɗinki, sai ranar da aka zaunar da matar, cikin harshen da take ji kuma a ɗakin da babu 'yan kallo, aka gaya mata abin da aka cire da abin da aka bari, da yadda jikinta zai kasance, da yadda kwanciyar aurenta za ta kasance, da irin baƙin cikin da zai iya ziyartarta. Wannan zama haƙƙi ne na mara lafiya kamar yadda allurar kashe zafi take haƙƙinta, kuma asibitin da ya sallami mace ba tare da shi ba ya bar aiki a rabi, ko da kuwa likitansa ya fi kowa iya riƙe wuƙa.

Matan da ake cire wa mahaifa a wajenmu kusan kashi biyu ne, kuma halin da suke fita da shi ya bambanta ƙwarai. Akwai waɗanda aka shirya wa aikin: mai ƙarin mahaifa da ake kira faibroid, wadda ta shekara tana zubar da jini har tafin hannunta ya yi fari, cikinta ya yi girma mutane suna yi mata barka da juna biyu, da wadda mahaifarta ta zazzago bayan haihuwa takwas ko goma, da wadda aka gano tana da sankarar bakin mahaifa ko ta cikin mahaifa. Ƙarin mahaifa ya fi yawa a jikin mata baƙar fata, har wani bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 2003 ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen mata suna samunsa kafin su kai shekara 50, ko da yake da yawansu ba ya damunsu. Sai kashi na biyu, irin 'yar baffana, waɗanda suka shiga ɗakin tiyata a sume da niyyar haihuwa suka farka babu ɗa babu mahaifa, saboda doguwar naƙuda, ko allurar naƙuda da wani ya yi musu a gida ba bisa ƙa'ida ba, ko tsohon ɗinkin tiyatar haihuwa da ya buɗe, ko jinin da ya ƙi tsayawa bayan haihuwa. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna cewa a yankin Arewa maso Yamma ko kashi 20 cikin 100 na haihuwa ba a yi a asibiti ba, don haka ba abin mamaki ba ne a ce wannan kashi na biyu yana da yawa a Kano da Katsina da Sakkwato, haka ma a Maraɗi da Damagaram. Yawancinsu matasa ne, wasu ba su kai talatin ba.

Abin da ake faɗa a gari game da waɗannan mata kowa ya san shi, sai dai ba a faɗarsa a gabansu. Ana cewa ta zama fanko, ana cewa ta koma namiji, ana cewa an bar rami a cikinta wanda ba shi da iyaka, har na taɓa jin wani magidanci mai ilimin boko yana tambaya da gaske ina maniyyi zai tafi idan babu mahaifar da za ta karɓe shi, ko zai taru a ciki ya ruɓe. Tambayar ba ta wauta ba ce, rashin mai amsawa ne ya sa ta zama abin tsoro. Idan aka cire mahaifa tare da bakinta, likita yana ɗinke saman farji ya rufe shi ruf, ya warke ya zama kamar ƙarshen aljihu, hanji kuma ya cike gurbin da mahaifar ta bari, wadda dama a lafiyarta ba ta wuce girman dunƙulen hannu ba. Maniyyi yana fitowa waje kamar yadda mafi yawansa yake fitowa a jikin kowace mace. Farji yana nan da tsawonsa a aikin da ba na sankara ba, kuma gaɓoɓin waje, musamman ɗan tsaka inda jijiyoyin jin daɗi suka fi taruwa, wuƙar likita ba ta kusantarsu ko kaɗan. Ni'imar da mace ke samu lokacin sha'awa mafi yawanta daga bangon farji take tsattsafowa da wasu ƙananan maɓuɓɓuga da ke bakinsa, kuma duk suna nan. Abu biyu ne tabbas suka tafi: al'ada da ɗaukar ciki.

Masana sun daɗe da bin diddigin wannan batu. A jihar Maryland ta Amurka an bi mata 1,101 tsawon shekara biyu bayan an cire musu mahaifa, aka wallafa sakamakon a 1999, kuma abin da aka gani ya saɓa wa abin da ake tsoro: masu yawan jin zafi lokacin saduwa sun ragu daga kusan kashi 19 cikin 100 kafin aiki zuwa ƙasa da kashi 4 bayan shekara biyu, masu ƙarancin sha'awa sun ragu, waɗanda suke saduwa da mazajensu kuma sun ƙaru. A Landan an raba mata 279 gida biyu, aka cire wa wasu mahaifa da bakinta aka bar wa wasu bakin, sakamakon da ya fito a 2002 bai nuna wani bambanci a rayuwarsu ta auratayya ba. Dalilin a fili yake ga duk wadda ta taɓa zama da mai faibroid. Macen da ke jini kwana ashirin a wata, tana fama da jiri da ciwon mara, tana lissafin kwanakin tsarki kamar mai lissafin bashi, ba ta da wata kwanciyar aure da aikin zai lalata, ciwon ya riga ya lalata ta. Idan aka raba ta da ciwon sai jini ya dawo jikinta, ƙarfinta ya dawo, tsoron ɓata shimfiɗa ya gushe. Ina ganin da matanmu sun san haka da ba su riƙa gudun aiki shekara da shekaru suna yawo tsakanin masu sassaƙe da masu tofi ba, har sai an kawo su a kwance ana neman jini.

Sai dai ba zan yi wa mai karatu rufa-rufa ba, matan da aka yi waɗancan bincike a kansu mafi yawansu sun gama haihuwa, sun zaɓi aikin da kansu bayan an yi musu bayani, kuma ba sa zaune a gidan da ake auna darajar mace da yawan goyonta. Sakamakon ya tabbatar mana cewa jiki yana iya warkewa ya ji daɗi, bai ce kowace mace za ta tsira daga matsala ba. Akwai tsiraru da abin yake taɓarɓare musu, kuma babbar tambayar da ke raba su da sauran ita ce wadda kusan babu mai yi a asibitocinmu: shin an cire ma'ajiyar ƙwai ko an bar ta? Waɗannan 'yan gaɓoɓi biyu da ke gefen mahaifa dama da hagu su ne ke samar da sinadarin istirojin, wanda ke riƙe da laushi da damshin farji da ƙarfin ƙashi, kuma suna samar da kusan rabin sinadarin testosteron da ke jikin mace, wanda yake da hannu a sha'awa. Idan an bar su, mace za ta daina ganin jini amma jikinta zai ci gaba da tafiya a kan tsarinsa har zuwa shekarun da al'ada ke ɗaukewa da kanta, wajen shekara 50, ko da yake wani lokaci yana ɗan gaggautowa. Idan kuwa an cire su duka biyu ga macen da ba ta kai waɗannan shekaru ba, to abin da jiki ke yi a hankali cikin shekaru sai ya auko mata cikin kwanaki: zafi ya riƙa taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙa ta cikin dare ko da hunturu ne, barci ya gagara, zuciya ta yi saurin ɓaci, gaba ya bushe har saduwa ta koma azaba.

Macen da ba a gargaɗe ta ba me za ta kira wannan hali? Za ta ce taifot ne ta sha maganin taifot, ko ta ce hawan jini ne, ko a ce mata iska ce ko sammun kishiya, a kai ta gidan ruƙiyya. Alhali kuwa abin yana da magani sananne, wato a mayar wa jiki istirojin ɗin da ya rasa, ta ƙwaya ko ta abin mannawa a fata ko ta man da ake sawa a farji, kuma macen da ba ta da mahaifa ba ta ma buƙatar sinadari na biyu da ake haɗa wa masu mahaifa domin kare su. Likitoci suna ba da shawarar a ci gaba da shi har zuwa shekarun ɗaukewar al'ada ga wadda aka cire wa ma'ajiyar ƙwai da wuri, domin kare ƙashi da zuciya, in dai ba ta da abin da zai hana, kamar sankarar mama ko daskarewar jini a jijiya. Wannan hukunci na likita ne, ba na mai kemis ba. Akwai kuma wani ciwo da ya kamata a riƙa tunawa da shi ga wadda ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, wanda wani likita mai suna Sheehan ya bayyana a 1937: wata 'yar ƙaramar gaɓa da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda ke ba sauran gaɓoɓi umarni, tana iya lalacewa saboda ƙarancin jini, sai ruwan nono ya ƙi zuwa, gashin hammata da na mara ya zube, kasala ta rufe mace, sha'awa ta mutu. A wajen sauran mata ɗaukewar al'ada ce ke tona wannan ciwo, ita kuwa wadda ba ta da mahaifa babu wannan alama a gare ta, sai a yi ta ce mata raguwa. Masu sankara su ma nasu daban ne, domin aikinsu ya fi faɗi, yana iya rage tsawon farji, gasa wurin da ake yi musu da hasken na'ura kuma yana iya ƙuntata shi, kuma akwai dabarun da ake koya musu domin hana shi tsukewa idan an samu mai koyarwa.

Duk wannan bayanin jiki ne, kuma shi ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne abin da ke faruwa a zuciyar macen da ta tashi tun tana yarinya tana goyon kara, aka yi mata addu'ar 'ya'ya goma ranar da aka kai ta ɗaki, take zaune a cikin mutanen da ke cewa haihuwa maganin mutuwa, sannan a wayi gari a ce ƙofar ta rufe har abada. Mai 'ya'ya bakwai ma takan yi kuka, kuma bai kamata a ce mata ta yi shiru ta gode wa Allah kamar kukan nata butulci ne ba, domin mutum yana iya gode wa Allah da ya raya shi kuma ya yi jimamin abin da ya rasa a lokaci guda. To ina ga mai ɗa ɗaya, ko wadda cikin fari ne ya zo mata da haka? Ita makoki biyu take yi, na ɗan da ta rasa da na waɗanda ba za ta taɓa haifa ba, kuma na farkon kaɗai ake zuwa yi mata gaisuwa. Daga nan sai lissafi ya fara: uwar miji ta fara zancen ƙarin aure tun ɗinki bai bushe ba, kishiya ta haihu a yi suna a tsakar gidan da take shara, kalmar juya ta fara yawo a bakin facaloli, ta fara tunanin ranar da miji zai mutu a raba gado ta tashi da ɗan abin da ya samu daga tumunin takaba ta koma gidan ubanta. Macen da ke ɗauke da wannan a ƙirji ba za ta yi sha'awar namiji ba ko da kowace jijiya a jikinta lafiya lau take, kuma likitoci sun lura cewa halin da zuciyar mace take ciki da yadda zamanta da mijinta yake kafin aiki suna cikin abubuwan da suka fi nuna yadda za ta kasance bayansa. Idan baƙin cikin ya zarce makonni, ta daina cin abinci, ta daina barci, ta daina kula da kanta, ko ta fara cewa gara ma da ta mutu a ɗakin tiyata, wannan ciwon damuwa ne mai buƙatar magani. Amma da wuya a samu dangin da za su yarda a kai ta asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ko Kware ko Barnawa, saboda sunan da aka laƙaba wa waɗannan asibitoci, shi ya sa nake ganin a sashen mata ya kamata a riƙa yi mata waɗannan tambayoyi, ranar da ta dawo a duba ta.

Yana ba ni mamaki yadda muke riƙe da addinin da ya ba mu amsa amma muke barin al'ada ta yi mana hukunci. Alƙur'ani a Suratus Shura ya faɗa cewa Allah yana ba wanda ya so mata, ya ba wanda ya so maza, ya haɗa wa wanda ya so, ya kuma bar wanda ya so ba haihuwa, duk a jere guda ba tare da an fifita wani ba. A Suratur Rum da aka ambaci hikimar aure, natsuwa da ƙauna da jinƙai aka ambata. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ba ta taɓa haihuwa ba, alkunyar Ummu Abdullahi da ake yi mata ta samo ta ne daga ɗan 'yar uwarta Abdullahi ɗan Zubairu, kuma babu Musulmin da zai buɗe baki ya ce matsayinta a wajen mijinta ya ragu saboda haka. Mu kanmu Hausawa muna da riƙo, inda ake ɗaukar yaro sukutum a ba gwaggo ko inna ta raine shi har ta aurar da shi, kuma da yawa daga cikinmu hannun da ya raine mu ba shi ne cikin da ya haife mu ba. Masu wa'azi da ke cika rediyo da zancen haƙƙin miji a shimfiɗa, da za su ware ko da zama ɗaya su yi wa maza bayanin haƙƙin matar da ta kusa rasa ranta wajen haifa musu ɗa, da sun yi aikin lada.

Miji shi ne mutumin da aka fi mantawa da shi a wannan lamari, ana nemansa ne kawai lokacin sa hannu da biyan kuɗi da neman jini. Daga nan sai a bar shi da jahilcinsa, ya faɗa ɗaya daga ramuka biyu. Wani ya matsa wa matar tun kafin ta warke, alhali ƙa'ida ita ce a jira aƙalla mako shida, wani lokaci har fiye, sai likita ya duba ya tabbatar ɗinkin saman farji ya haɗe, domin ɗinkin ciki ba ya warkewa da saurin na fata kuma yana iya buɗewa. Wani kuma, kamar mijin 'yar baffana, ya ja da baya gaba ɗaya. Minti goma da likita ko nas za su yi da shi sun isa su gaya masa lokacin da ya dace, da cewa a fara a hankali ita ce mai cewa a ci gaba ko a dakata, da cewa tsoro kansa yana sa jiki ya ɗaure ya bushe a karon farko, da cewa man sauƙaƙa saduwa mai ruwa-ruwa da ake sayarwa a kantin magani ba abin kunya ba ne. Idan asibiti ya yi shiru kuwa akwai masu magana, su ne masu kayan mata da suka cika WhatsApp da Instagram da gidajen biki, kuma macen da aka ce mata ta zama fanko ita ce kasuwar da suka fi so. Za su sayar mata da matsi iri-iri ta cusa a wurin da ɗinki yake ɗanye, wanda ba a san abin da aka haɗa a ciki ba kuma babu lambar NAFDAC a jikinsa, kuma galibin abin da ake kira matsi busar da wuri yake yi, ga macen da dama bushewa ce matsalarta. Ba na zargin matan da ke saye, domin mai neman mafita duk ƙofar da ya gani a buɗe ita yake shiga.

Za a ce mini kunya ba za ta bari a yi irin wannan magana tsakanin likita namiji da matar aure ba, kuma na yarda kunya gaskiya ce, ni ma da ita aka raine ni. Amma mu ne muke koya wa yara 'yan shekara goma sha biyu bambancin maniyyi da maziyyi da wadiyyi a Ishmawi da Iziyya, muna karanta babin haila da janaba a zaure ba wanda ya ce an yi batsa. Ummu Sulaim ta je gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta fara da cewa Allah ba ya jin kunyar gaskiya, sannan ta yi tambaya a kan mafarkin mace, kuma Nana A'isha ta yabi matan Madina da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Hausawa ma sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Macen da aka buɗe cikinta aka fitar da gaɓa guda ta riga ta wuce matakin da za a ce ana jin nauyin gaya mata abin da ya shafi jikinta. Abin da kunya take buƙata shi ne a zaɓi mai faɗa da wurin faɗa, a samu nas ko unguwarzoma mace mai shekaru, a rufe ƙofa, a fitar da 'yan dubiya, kuma ita ma'aikaciyar ta fara buɗe zancen, domin matar ba za ta taɓa farawa ba.

Akwai tambaya guda da ta fi wannan wuya, kuma ban ga amsar da za ta gamsar da kowa ba. Wasu matan da aka shirya wa aiki suna roƙon likita kada ya gaya wa mijin cewa mahaifar aka cire, a ce ƙari kawai aka fitar, domin sun san gidan da za su koma. Mai saurin hukunci zai ce wannan yaudara ce, kuma lallai miji yana da haƙƙi a maganar haihuwa, zaman da aka gina a kan ɓoye-ɓoye kuma nauyi ne a kan mai ɓoyewar kafin kowa. Duk da haka ina tare da ƙa'idar aikin likita da ta ce sirrin mara lafiya nasa ne, kuma mace baliga mai hankali ita ke da ikon cewa a faɗa ko kada a faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikin ma'aikacin lafiya shi ne ya nuna mata amfanin a kira mijin, ya yi mata tayin cewa shi zai yi bayanin a gabanta, domin sau da yawa abin da take tsoro shi ne tatsuniyar fanko da ke kan mijin, kuma ana iya kawar da ita. Idan ta ce a'a bayan haka, a bar ta. Abin da ba shi da hujja ko kaɗan shi ne akasin haka, wanda kuma shi ya fi faruwa: miji ya sani, uwar miji ta sani, dangi sun sani, mai jikin ce kaɗai ba ta sani ba.

Na san likita ɗaya yana iya duba mata sittin a yini, kuma wanda ya kwana yana tiyata ba shi da sauran numfashin dogon zance. Shi ya sa abin da nake nema ƙarami ne. A ba kowace mace takarda guda da Hausa, boko da ajami, da Faransanci a gefe ga 'yan Nijar, a rubuta a ciki ko an cire mahaifa gaba ɗaya, ko an bar bakinta, ko an bar ma'ajiyar ƙwai ɗaya ko biyu ko babu. Maganar bakin mahaifa tana da muhimmanci, domin a aikin gaggawa sau da yawa ana barinsa saboda ya fi sauri, kuma wadda aka bar wa shi tana iya ganin ɗan ɗigon jini wata-wata, tana kuma buƙatar ci gaba da gwajin sankarar bakin mahaifa kamar kowace mace. A sa ta maimaita abin da ta fahimta da bakinta kafin ta tafi. A ware nas guda a sashen mata da aka horar domin zaman mako na shida. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, domin cibiyoyin yoyon fitsari irin ta Babbar Ruga a Katsina sun daɗe da gane cewa ɗinki kaɗai ba ya mayar da mace cikin mutane, suna haɗawa da nasiha da koyar da sana'a, kuma doguwar naƙudar da ke kawo yoyon fitsari ita ce dai ke fasa mahaifa. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, wanda idan ya isa ƙauyuka zai rage yawan mahaifar da ke fashewa, amma waɗanda tasu ta riga ta tafi suna nan a gidajensu, kuma takardar da nake magana a kai ba ta kai kuɗin ledar ƙarin ruwa guda ba.

'Yar baffana ta samu wannan zama ne bayan wata bakwai, a hannun wata tsohuwar unguwarzoma da ta yi ritaya a unguwarmu, wadda ta karɓi katin asibitin ta karanta, ta gaya mata cewa an bar mata ma'ajiyar ƙwai duka biyu da bakin mahaifa, sannan ta aika aka kira mijin ta zaunar da shi a zaure ta ce masa: "Ɗana, matarka lafiyarta ƙalau, kai ne ka bar ta da zulumi." Ta zana masa hoton abin a bayan kwalin magani da biro. Suna tare har yanzu, tana riƙon 'yar ƙanwarsa da aka ba ta tun daga yaye, kuma duk ranar sunan wani a dangi takan yi girki ta aika, amma ba ta zuwa.